Babi na Biyar: Kik Yana Juyawa, Mota Ta Ƙi Tashi

"Batir da wuta, kik yana juyawa, ga mai a tanki. To me ya hana ta tashi?" Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya yi wannan tambaya, ko a bakinsa ko a zuciyarsa, galibi da sanyin safiya, lokacin da yara ke tsaye da jakar makaranta ko fasinja sun cika mota suna jiran a ɗaga.

A Ibadan, wadda mutanenmu ke kira Badun, tambayar tana da nauyi na daban. Motar da ta taso daga Arewa da tumatir da attaruhu da albasa, ta ƙetare gadar Jebba, ta ratsa Ilori da Ogbomoso da Oyo, ta ƙaramar hukumar Akinyele take shigowa gari, ta Moniya zuwa kasuwar Shasha da Ojoo. Kayan gwari ba su san uzuri ba. Idan mota ta tsaya shan mai ko sallah ta ƙi tashi, kowace sa'a da ta wuce kwandon tumatir yana ƙara ruwa. Haka nan mai dabbobin da za a sauke a karar Akinyele, haka ɗan kasuwar Sabo da ya yi alƙawari da abokin ciniki. Tun da aka kafa Sabo a 1916, cinikin goro da na shanu suka raya unguwar, kuma dukansu sana'o'i ne da ke kan hanya. A da jirgin ƙasa ne da ƙafa, yau tayar mota ce.

Abin da nake so mai karatu ya fita da shi daga wannan babi ɗaya ne: motar da kik ɗinta ke juyawa amma ta ƙi tashi, abu ɗaya ta rasa daga cikin abubuwa huɗu, kuma ana iya gano shi kafin a sayi ko da noti guda.

Fara da kunne

Kafin ka buɗe bonet, kashe rediyo, sauke gilashi, ka murɗa makulli ka saurara. Sautin da ka ji ya riga ya raba maka hanya.

Idan ƙas-ƙas kawai ka ji, ko injin yana juyawa da kyar kamar mai ciwon baya, wannan maganar batir ce da kawunansa da kik, mun gama da ita a babin da ya gabata. Abu ɗaya kawai zan ƙara: lafiyayyen batir yana nuna volt 12.6 idan mota na kashe, kuma lokacin da ake kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba. Motocin injekta suna da kwamfutar da kanikawa ke kira birenbos, ita kuwa idan wuta ta yi ƙasa ainun sai ta daina aiki, alhali kik yana ta fama.

Idan injin yana juyawa da sautinsa na kullum amma ba alamar kamawa, to wuta ce ko mai. Idan yana tari, yana yunƙurin kamawa yana saki, akwai wutar akwai man, sai dai ɗaya bai isa ba ko bai zo a kan lokaci ba. Idan kuwa yana juyawa da sauri fiye da yadda ka saba ji, sumul babu tirjiya, kamar keken ɗinki, cire hannunka daga makulli nan take. Za mu zo ga dalilin.

Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda. Kik ƙaramar na'ura ce mai jan wuta da yawa, tana zafi da wuri. Mutane da dama sun ƙone kik sun kashe batir a kan matsalar fis, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Murhu a cikin ƙarfe

Matar da za ta hura wuta tana buƙatar itace, da ashana, da iska. Itace jiƙaƙƙe ba zai kama ba, ashana mai sanyi ba za ta ƙyasta ba, murhun da aka toshe hayaƙi kawai zai yi. Injin fetur murhu ne, bambancinsa shi ne a rufe yake kuma ana hura shi ana kashewa sau dubbai a minti guda. Fetur shi ne itacen. Filogi shi ne ashanar. Iska ita ce iska, sai dai a nan dole fistin ya matse ta tam tare da man kafin a ƙyasta. Abu na huɗu shi ne lokaci, wanda kanikawa ke kira taimin: tartsatsin ya zo daidai lokacin da fistin ya kusa ƙurewa sama, bawul a rufe.

Wuta, mai, matsi, lokaci. Tun daga Peugeot 504 da masana'antar Kaduna ta riƙa harhaɗawa bayan buɗe ta a 1975, zuwa Golf 3 da ke cika tashoshin Arewa, zuwa ƙananan Nissan Micra da ke haya daga Ojoo zuwa Mokola, ba injin fetur da ya fita daga wannan ƙa'ida. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ke kula da kowane ɗaya: a 504 kafireta ce da kontak, a Golf da Micra birenbos ce da sensa.

Gwaji ɗaya da ke raba gardama

Akwai gwangwanin feshi na wanke kafireta da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Cire bututun iskar da ke shiga injin, fesa kaɗan a ciki, mayar da bututun, matsa baya, sannan a yi kik. Idan injin ya kama na daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, ka sami amsa babba: wuta lafiya, matsi lafiya, lokaci lafiya, mai ne ba ya zuwa. Idan ko tari bai yi ba, bar maganar mai tukuna, koma kan wuta.

Na san abin da aka saba yi a bakin titi: yaron mota ya tsiyaya fetur daga gora a maƙogwaron kafireta yayin da direba ke kik. Ina roƙon mai karatu kada ya yi, kada kuma ya bari a sa yaro ya yi. Injin da taimin ɗinsa ya goce yana iya aman wuta ta baya, gorar kuwa tana hannun yaron. Haka nan zuƙo fetur da baki ta tiyo. Ɗigon da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana kwantar da shi asibiti.

Wuta

Cire wayar filogi ɗaya, sa mata wani filogi da ka tabbatar da lafiyarsa, ɗora ƙarfen jikinsa a kan ƙarfen injin, nesa da inda fetur ke iya tsiyaya. Kada ka riƙe da hannu, domin kwayil yana ɗaga volt 12 na batir ya mai da shi fiye da 10,000. A yi kik ka duba. Tartsatsi mai ƙarfi, shuɗi-shuɗi, mai ƙara tas-tas, shi ake nema. Idan ja ne mai rauni, a waje zai nuna amma a cikin matsin silinda ba zai iya tsallakawa ba.

Idan babu komai, sai a bi wutar baya-baya zuwa tushenta, kamar yadda ake bin sawun dabbar da ta ɓata. A motar da ke da distiributa, gwada babbar wayar da ta fito daga kwayil. Idan ita tana bayarwa amma filogi ba ya samu, laifin yana tsakani: murfin distiributa, ko rotar da ke juyawa a cikinsa, ko wayoyin. Idan kwayil ɗin ma shiru, duba ko wuta na zuwa gare shi idan makulli na kunne, sannan duba fis.

A 504 da tsararrakinta, mafi yawan lokaci kontak ne. Ɗan ƙarfe ne da ke buɗewa yana rufewa, tazararsa wajen milimita 0.4. Yana cinyewa, yana ƙonewa, yana rufewa gaba ɗaya. Tsohon direban 504 ba ya tafiya sai da kontak da kondensa a aljihun mota, kuma ya iya sa su da sukundireba a gefen hanya. Wannan ilimi ne da ke ɓacewa, abin takaici.

A motar injekta, aikin kontak ya koma hannun sensar da ke gaya wa birenbos cewa injin na juyawa. Idan ta mutu, birenbos ba ta ba da wuta, ba ta buɗe nozul, tamkar mai gadi da ba a gaya masa baƙo na zuwa ba. Alamarta biyu ce. A motoci da yawa allurar da ke nuna juyin injin takan ɗan motsa lokacin kik. Idan ta kwanta ɗif, a zargi sensar. Na biyu, takan fara da mutuwa idan injin ya yi zafi, ta farfaɗo idan ya huce. Direban da ya ce, "Da safe tana tashi, amma in na tsaya shan mai sai na jira rabin awa," ya riga ya faɗi rabin ciwon.

Abin da damina ta koya mini a Sabo

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan ciwo ne da ke kama motar Arewa musamman idan ta sauko Kurmi.

Wata damina na kwana a Sabo da Golf ɗina, wadda ta yi shekaru tana tashi da ki ɗaya. An kwana ana ruwa. Da asuba na yi kik, injin ya juya lafiya lau, bai kama ba. Makanikin farko da aka kira mini ya kasa kunne a tanki, ya ce famfon mai ne. Na aika aka sayo a Gate, kasuwar kayan mota ta Agodi, aka sauke kujerar baya, aka sa. Ba ta tashi ba. Ya ce to kwayil ne. Kafin in sake aikawa, wani dattijon mai wayarin da ke zaune a benci yana kallonmu ya taso ya ce, "Alhaji, bari yaron nan ya buɗe murfin distiributa mu gani." Aka ɓalle murfin, sai ga raɓa ta kwanta a cikinsa kamar murfin tukunya, ga wani siririn layi baƙi ya ratsa daga tsakiya zuwa gefe. Ya goge da tsumma, ya shanya murfin a rana na ɗan lokaci, ya mayar. Ki ɗaya ta tashi.

Murfin ya daɗe da tsagewa. A busasshiyar iskar Arewa tsagar ba ta hana komai. A Ibadan, inda ruwa ke sauka tun daga wajen watan Afrilu har Oktoba kuma iska ke cike da laima, danshi ya shiga tsagar ya yi wa wuta gajeriyar hanya, wuta kuwa hanya mafi sauƙi take bi. Haka tsofaffin wayoyin filogi suke yi. Buɗe bonet cikin duhu injin na aiki, za ka ga wuta na tsalle a jikinsu. Laifin asarar famfon nan nawa ne kamar yadda yake na makanikin, domin ban ce a gwada wuta ba kafin in ciro kuɗi.

Gargaɗi guda game da ruwa. Ibadan gari ne na tuddai da kwari, kuma mutanen garin ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 da ta watan Agustan 2011 ba. Idan motarka ta mutu a tsakiyar ruwa mai zurfi, kada ka yi kik, kada a tura. Ruwa ba ya matsuwa; idan ya shiga silinda aka juya injin da ƙarfi, ƙarfen da ke riƙe fistin ne ke lanƙwashewa. A cire filogi duka tukuna a fitar da ruwan. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mai

Kada ka yarda da allurar mai a tsohuwar mota. Abin da ke iyo a cikin tanki yana maƙalewa, allura ta nuna kwata alhali tanki ƙaf. Kuma a gari mai gangara irin wannan, motar da aka ajiye a karkace da ɗan mai kaɗan, man yana taruwa gefe guda famfo ya zuƙi iska.

A motar injekta, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da kik ba, ka saurara ta wajen kujerar baya. Za ka ji famfo ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. Idan shiru, kada ka yanke masa hukunci tukuna: fis ɗinsa da rilensa sun fi shi saurin lalacewa, sun kuma fi shi araha nesa ba kusa ba. Tsofaffin Honda sun shahara da wannan, dalmar cikin babban rile takan tsage, mota ta ƙi tashi idan ta sha rana. Wasu motocin Ford da Peugeot kuma suna da maɓallin da ke yanke mai idan mota ta yi karo, wani lokaci faɗawa rami mai tsanani ma kan sa ya yanke. Danna shi kawai ake yi. Dabarar bubbuga ƙasan tanki yayin da ake kik takan tayar da famfon da ya gaji, amma ta kai ka gareji ce kawai.

Jin gurnanin famfo bai isa shaida ba. Injekta na son man ya zo da matsi wajen bar 3, kusan ninki goma na abin da kafireta ke buƙata, kuma famfon da ya tsufa ko filtar da ta toshe suna iya kawo mai ba tare da wannan ƙarfi ba. Agogon awo ne kawai ke faɗin gaskiya a nan. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, yawancinmu lita biyar lita goma muke sha, tanki kullum a ƙasa. Famfon da ke cikin tanki kuwa man ne ke sanyaya shi, don haka wannan hali yana rage masa kwana.

Sai ingancin man kansa. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar nan, motoci da dama suka lalace, aka yi makonni ana layi. Wannan ya fito fili ne saboda girmansa. Ƙananan irinsa suna faruwa kullum, a jarkar 'yan bumburutu ko a tankin gidan mai da ruwan sama ya shiga. Idan mota ta fara gardama jim kaɗan bayan shan mai, tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka.

Mai yakan kuma yi yawa. Injin yana son wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur ta fuskar nauyi. Idan aka yi ta kik ana dukan totur, filogi ya jiƙe, warin fetur ya cika wuri. Cire filogi ɗaya ka duba bakinsa, shi ne ɗan saƙon da ya fito daga cikin ɗakin: busasshe ƙarau bayan dogon kik, mai ba ya zuwa, jiƙe sharkaf, mai na zuwa amma ba a ƙone shi ba. Idan shaƙewa ce, take totur har ƙasa ka riƙe shi a nan, kada ka famfa, sannan ka yi kik.

Makulli da sakiyoriti

Motocin Turai daga tsakiyar shekarun 1990 suna da ɗan ƙwayar lantarki a kan makulli. Makullin da aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa, zai juya kik, amma birenbos ba ta san shi ba. A wasu motocin Volkswagen injin yakan kama na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya mutu. A wasu ko kamawa ba ya yi, sai wata fitila ta yi ta ƙiftawa a dashbod. Ban da wannan, motar kwatano da ta bi hannu uku ko huɗu, ba mamaki wani daga cikin masu ita ya sa an yanke wayar famfo ko ta kwayil an ɓoye maɓalli don ɓarayi. Irin wannan haɗi da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, bayan shekaru yana saki. Tambayi wanda ya sayar maka tun ranar ciniki.

Matsi da lokaci

Mu koma ga sautin keken ɗinki. Injin da ke juyawa ba tirjiya ya rasa matsi, kuma idan abin ya faru kwatsam, galibi bel ɗin taimin ne ya tsinke ko ya zubar da haƙora. Shi ne ke haɗa ƙasan injin da samansa domin bawul su buɗe su rufe daidai da tafiyar fistin. Buɗe murfin zuba baƙin mai ka leƙa yayin da ake ɗan taɓa kik. A motoci da yawa za ka hango ƙarfen sama, idan bai motsa ba magana ta ƙare.

Dalilin da na ce a cire hannu daga makulli shi ne, a wasu injuna fistin da bawul wuri ɗaya suke amfani da shi, kowa da lokacinsa. Idan bel ya tsinke sai su yi karo. Accord ta shekarun 1990 tana cikin waɗannan. Camry mai injin 2.2 ta wannan zamani ba ta ciki, a sa sabon bel ta tashi. Micra da 504 sarƙa suke da ita maimakon bel, ba ta cika tsinkewa ba amma takan saki ta yi ƙara. Masu ƙera mota sukan ce a canja bel tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000, mu kuwa agogon tafiyar motocinmu sau da yawa ya mutu ko an juya shi, don haka wanda ya sayi tsohuwar mota ya canja bel ɗin kawai ya rubuta ranar.

Idan matsin a hankali ya tafi, labarin daban ne: mota ta daɗe tana shan baƙin mai, tana hayaƙi, sai an tura take tashi da safe. Ringi ne ko bawul suka gaji, ko gasket ya ƙone bayan injin ya taɓa tafasa. Awo zai nuna. Lafiyayyen silinda yakan ba da bar 10 zuwa 13, wanda ya faɗi ƙasa da 7 da wuya ya kama da sanyi. Idan kuma kwanan nan aka taɓa wayoyin filogi, duba jerinsu. A mafi yawan injuna masu silinda huɗu 1, 3, 4, 2 ne, kuma musanya biyu kawai ya isa ya sa ta yi ta tari tana harbi ta salansa.

Idan kai ta gareji ya kama

Je da labari cikakke: yaushe ta fara, da zafi ko da sanyi, bayan ruwa ko bayan shan mai, me aka taɓa a jikinta a makon nan. Sannan ka yi tambaya cikin ladabi: "Oga, an gwada wuta? An auna ƙarfin man?" Makanikin kirki ba ya jin haushin wannan, yakan ma ji daɗin ya sami wanda zai nuna wa. Idan motar ƙirar Amurka ce daga 1996, ko ta Turai mai fetur daga 2001, tana da soket ɗin da ake jona na'urar bincike. Amma na'urar unguwar da ciwon yake take nunawa, ba gidan ba, domin wayar da ɓera ya ci da sensar da ta mutu suna iya ba da lamba ɗaya. Kuma duk abin da aka cire a ce ya lalace, karɓi tsohon ka sa a but. Famfon da aka cire mini a Sabo ya sake yin shekaru yana aiki a motar wani ɗan'uwana.

Duk abin da muka faɗa a nan na injin fetur ne. Amma manyan motocin da ke sauke shanu a Akinyele da masu kawo buhunan albasa Shasha gas suke sha, kuma injin gas ba shi da filogin tartsatsi ko ɗaya. Zafin matsi kaɗai ke kunna shi, ɗan kumfar iska a bututun mai kuwa ya isa ya kwantar da tirela da lodinta. Babi na gaba a kansa yake: yadda ake fitar da iska daga layin mai, aikin hita da sanyin safiya, da abin da hayaƙin salansa ke faɗa tun kafin injin ya kama.